Madubin da Na Aika wa Yaya Daga Jidda

Balad

Da gumi Jidda ta karɓe ni. Na gama umarata na ƙi komawa gida, kamar yadda mutane da yawa suka yi kafin ni. Na shigo garin da jaka guda da lambar wayar wani ɗan garinmu wanda ya daina ɗauka. A unguwar Balad na sauka, a wani tsohon gida na dutsen teku, wanda in ka jingina da bangonsa sai gari ya zubo maka a wuya. Muna da yawa a ɗakin. Kowa da takalminsa yake matashin kai, don in ka bar shi a bakin ƙofa kun rabu ke nan.

Sunana Sale. A gida manomi ne ni, amma ɗan gidan maharba. Babanmu shi ne Sarkin Bakan ƙauyenmu. Da ya rasu, sarautar da bindigarsa suka koma hannun yayana Idi, wanda kowa ke kira Baushe. Shi ya raine ni, shi ya yi mini aure, a hannunsa kuma na bar matata da 'ya'yana. Tun da na taso bai taɓa roƙona komai ba sai sau ɗaya, a waya, ina zaune kan kwalin sabulu a bakin kasuwa bayan na sauke wa wani ɗan kasuwa kaya.

Ya ce, "Sale, na ga wani abu a wayar samarin nan. Turawa na ɗaura wa bindiga madubi, su hango barewa a bayan gari kamar tana gabansu. Ana samunsa a can?"

Na yi dariya na ce, "Yaya, kai da ke harbo zabuwa tana sama, me za ka yi da madubi?"

"Nama ya yi wayo yanzu. An sare kurmi, babu wurin laɓewa. Ba ya bari ka matso."

Na san abin da ke damunsa. A garinmu duk shekara bayan an gama girbi ana buɗar daji, kuma harbin farko na Sarkin Baka ne. Kowa zai tsaya da karnukansa yana kallo. In ya samu, a shiga daji da murna. In ya kuskure, a nan gaban jama'a zai ajiye bindigar a ƙasa, wani gida ya ɗauka tare da sarautar. A buɗar dajin da ta wuce, Yaya ya sami gada a cinya ne kawai, karnuka suka ƙarasa ta. An bar masa, amma an yi ƙus-ƙus. 'Yan gidan Tanko, waɗanda suka daɗe suna hangen bindigar nan, sun koma gida suna murmushi.

Na ce, "Yaya, in ana sayar da shi a ƙasar nan, zai zo hannunka."

Shagon farko da na shiga, ban gama nuna abin da yatsa ba mai shagon ya ce, "Iƙama?" Wato takardar zama a ƙasa, wadda ba ni da ita. Na fita da baya da baya, na yi ta sauri har na ɓace hanya.

A nan aka haɗa ni da Abu Faisal, Bahaushe haifaffen Jidda, mai farar jallabiya da ƙamshin turare. Hausarsa rabi Larabci ce.

"Ya akhi, darbil kake so? Mafi mushkila, babu damuwa. Kai ɗan'uwa ne."

Darbil shi ne sunan da Larabawa ke kiran madubin. Ya kai ni wani lungu, ya buɗe bayan motarsa, ya jera mini kwalaye. Ɗaya da hoton mikiya, ɗaya da barewa, ɗaya da zaki. A lokacin ban iya karatu ba, saboda haka hoton na duba. Na ɗauki mai zaki.

"Mashallah! Ka san kaya. Almani ne, na Jamus na asali. Halas, Allah ya ba ka."

Abin da na tara da dako tun zuwana, duka na juye masa.

Sa'alaba

Kafin in sami mai tafiya gida da zan ba shi madubin, aka tashe mu daga gidan Balad. Wani mutumin Damagaram mai suna Isufu, wanda muke dako tare, ya ce in zo mu raba ɗakinsa a unguwar Sa'alaba. Ɗakin a saman bene yake, rufin kwano, sai wata tsohuwar na'urar sanyi mai ƙara kamar injin niƙa.

Ranar wata Juma'a da safe na ciro madubin daga kwali don in nuna masa. Muka fita kan bene, na auna hasumiyar masallaci. Ban ga komai ba sai fari. Iskar Jidda mai ruwa-ruwa ta shige cikinsa, gilashin ya yi raɓa ta ciki, inda hannu ba ya kaiwa. Na girgiza shi, sai na ji wani abu yana kacau-kacau. Da raɓar ta bushe na sake dubawa, zaren nan biyu da suka gitta juna a tsakiya, waɗanda da su ake saiti, sun karkace sun kwanta gefe.

Isufu ya karɓa ya duba, ya ƙwanƙwasa shi da farce. "Bon, Malam Sale, wannan zakin naka na roba ne. Da shi ko ƙadangare ba za ka hango ba."

Na yi ta neman Abu Faisal har na same shi a wani wurin shan shayi. Na ajiye masa kwalin a kan tebur, na yi magana a hankali, don ba na son taro. Ko kallon kwalin bai yi ba.

"Ni na sayar maka? Ina shaida? To, yalla, tashi mu je wurin 'yan sanda. Ni in nuna iƙamata, kai ka nuna taka."

Abokansa suka yi dariya. Na ɗauki kwalina na fita. Da Balarabe ne ya yi mini haka, da na ce baƙo ne ya cuci baƙo. Amma da Hausa ya kira ni ɗan'uwa.

Buɗar dajin wannan shekara ta zo ta wuce babu madubi. Allah ya rufa asiri, gadu ne, aladen daji, ya fito daf da Yaya, ya same shi. Da na kira don in yi masa barka, muryarsa ba ta da daɗi. Ya ce, "Sale, ba kullum gadu zai zo ya tsaya a ƙafata ba."

A watannin nan Isufu ne ya riƙe ni. Da safe zai sayo burodin tamis da wake, ya raba biyu, ya tura mini babban rabin yana cewa shi cikinsa ba ya son wake. Shi ne kuma ya samo mini aiki a wani shagon kayan farauta da zaman sahara a arewacin gari, inda yake kai ruwan sha.

Shagon Am Salim

Mai shagon tsoho ne mutumin Yaman da ya tsufa a Jidda, ana ce masa Am Salim. Bai tambaye ni takarda ba. Albashin kaɗan ne, kuma in masu bincike suka shigo layin, a bayan tantuna nake ɓuya a ɗakin ajiya. Aikina shara, goge gilashi da ɗaukar kaya zuwa motocin masu saye. Amma madubai suna nan jere a cikin akwatin gilashi, ni nake share musu ƙura kowace safiya.

A nan na ji gardama iri-iri, don kunnena ya fara kama Larabci. Masu zuwa mutane ne masu manyan motoci, waɗanda ke fita sahara su kafa farantin ƙarfe a nesa su yi ta harbi, wasu kuma har ƙasashen waje suke zuwa farauta. Wannan ya ce na Jamus ya fi, don da magariba, lokacin da sauran suka yi duhu, shi yana nan da haskensa. Wancan ya ce na Amurka, don in ya lalace ko jikanka ne ya mayar za a canza masa. Wani ya ce na Japan ya fi sauƙin kuɗi, kuma idon mutum ba zai bambance ba. Na Sin kuwa sa'a ce, wani ya yi shekaru, wani harbi ɗaya ya zubar da kayan cikinsa. Samari kullum wanda ya fi jawo abu kusa suke nema. Am Salim yakan ce musu duk yadda madubi ya ƙara girman abu, haka yake ƙara girman rawar hannunka.

In gardama ta yi zafi, ni ake aikawa. A ba ni jarida, in tsallaka titi, in je can ƙarshen fili in tsaya a rana in ɗaga ta a ƙirjina. Su kuma suna cikin sanyi a bayan gilashi, suna gwada wanda zai karanta ƙananan rubutu. Sai ka ji an buɗe ƙofa an ɗaga murya: "Ya Takruni, ƙara matsawa baya!" Haka suke kiran baƙar fata irinmu. In matsa. Gumi na zuba a idona, ina riƙe da takardar da ban san abin da ta ce ba. Na san babu bindiga a ƙarƙashin madubin. Duk da haka na san zaren nan biyu a ƙirjina suka gitta. A gidanmu ko bindiga babu komai a cikinta ba a nuna mutum da ita. Babanmu ya taɓa marin Yaya a kan haka.

Na haƙura. Kowace tsayuwa a rana ina ƙara sanin wanne ne wanne.

Da na ga abin da na tara ya yi ɗan kauri, na sami Am Salim bayan la'asar, shago babu kowa. Na faɗa masa komai. Ya saurara, sannan ya ce, "Wace irin bindiga ce?"

Na kwatanta masa bindigar toka, ƙirar maƙeran garinmu, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki a danna da ƙarfe.

"Ina take kaiwa?"

Na nuna masa masallacin da ke tsallaken titi. "Kamar daga nan zuwa can. In an cika ɗuri, ta ɗan wuce."

Bai yi dariya ba. Ya cire tabarau ya goge. "Ya Salih, darbil ba ya ƙara wa bindiga tafiya. Kuma mutumin da ba ya ganin dabba daga nan zuwa masallacin can, ba darbil yake bukata ba. Ka tambayi ɗan'uwanka idonsa."

Raina ya ɓaci, ko da yake na ga gaskiyar maganar. A gidan maharba ba a tambayar maharbi idonsa. Shi ba ya faɗa, wani ba ya faɗa masa, iyalinsa ba sa faɗa wa kowa. Mun taso ana ce mana bakin mutane ne ke kashe idon maharbi, kuma ranar da aka furta, ranar nama ke ji. Duk da haka na kira. Na fara da matarsa, Yaya Hure.

"Yaya Hure, jikin Yaya fa? Komai da komai lafiya? Har da gani?"

Ta ce, "Lafiyarsa ƙalau. Ka dai aiko masa da abin da ya ce."

Na ce ta ba shi wayar. Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na tambaye shi kai tsaye.

"Da bakinka, Sale? Kai da na goya? Ka koma gidan Tanko ne ban sani ba?"

Ya kashe wayar. Ya yi makonni ba ya ɗaukar kirana. Da ya ɗauka, ban sake tayar da maganar ba.

Na koma wurin Am Salim na ce masa ido lafiya lau. Ya dube ni, ya girgiza kai, ya buɗe wani akwati a ƙarƙashin tebur. Ya ciro wani gajeren madubi na hannu, fentinsa ya ɗan goge a gefe. Wani ne ya kawo ya canza da sabo.

"Na Jamus ne. Ba ya jawo abu sosai, amma haskensa kamar ruwan rijiya. Jikinsa kuma ko mota ta taka shi ba zai ji ba. Bindigarku tana dukan baya kamar jaki, wani iri ba zai jure ba." Sai ya kama hannuna ya ɗora yatsuna a kan girarsa ta dama. Akwai tsohon tabo a wurin, kamar jinjirin wata. "Darbil ne ya yi mini wannan ina saurayi. Ka gaya masa abu biyu. Ya bar tazarar yatsu huɗu tsakanin idonsa da gilashi. Kuma ya gwada harbi sau da yawa kafin ranar, har ya daidaita shi."

Na kai madubin idona na dubi tsallaken titi. Na ga tattabara a kan hasumiya, har da jan da ke zagaye da idonta. Tun da na zo ƙasar nan ban ji daɗi irin na ranar ba.

Kurayyat

A unguwar Kurayyat akwai wata Hajiya Sa'a mai aika kayan mutane gida. Ta naɗe madubin cikin sallaya, ta cusa a tsakiyar kwalin dabino. Ta ce, "Ɗana, mutane na aika wa iyalinsu atamfa da zinariya, kai kana aika bututu?" Na ce mata wannan bututun ya fi mini zinariya.

Madubin ya isa ana cikin girbi. Maƙerin garinmu ya ƙera masa zobba biyu, ya ɗaure shi a kan bindigar, ya ƙara da robar cikin taya. Na aika saƙon murya, na sake aikawa: yatsu huɗu, Yaya, yatsu huɗu. Na ce kuma ya gwada.

Ya ce, "Yatsu huɗu na ji. Amma gwaji babu. Ka manta ne? Bindigar Sarkin Baka ba ta tashi daga faɗuwar ruwa sai ranar buɗar daji."

Ban manta ba. Na roƙe shi ya shiga bayan dutse shi kaɗai. Ya ce ƙarar bindigar babanmu ko jariri a garin ya san ta.

Na tambaye shi, "To, ka duba ciki? Yaya ka gani?"

"Tas nake gani," in ji shi.

Ranar buɗar daji ina goge gilashin shago da hantsi wayata ta yi ƙara. Yaya Hure ce. Kuka ya hana ta magana, sai da wani maƙwabcinmu ya karɓa ya ba ni labari. Gada ta fito a gindin dutse, da ɗan nisa. Yaya ya cika ɗuri fiye da kullum, tun da nesa yake son kaiwa. Ya ɗaga bindiga, ya tsaya. Jama'a suna kallo yana matsar da fuskarsa, yana ƙara matsarwa, yana neman gadar a cikin gilashi, har idonsa ya manne da bakin madubin. Sannan ya ja kunama. Gada ta gudu. Shi kuma ya faɗi rigingine, jini ya rufe masa fuska. Kafin a ɗauke shi, 'yan gidan Tanko sun ɗauki bindigar daga ƙasa.

Na zauna a kan dandamalin shago da tsumma a hannuna. Am Salim bai ce ai na gaya maka ba. Ya kawo mini ruwa, ya zauna kusa da ni.

Ba ni da takardar fita ta hanyar arziki, saboda haka na miƙa kaina ga hukuma don a mayar da ni. Isufu ya raka ni har kusa da wurin, ya cire takalminsa mai kyau ya ba ni, ya saka silifas ɗina. Zaman jiran jirgi a tsare ba zan ba da labarinsa ba. Wanda ya yi ya sani.

Gida

Na tarar da Yaya a zaure, an ɗaure masa idon dama da ƙyalle. Yaya Hure ta ja ni gefe. A ranar ne bakinta ya buɗe. Ta ce tun kafin in tafi ya fara zuba kunu a gefen kofi. Ta ce ya daɗe da bango yake bi zuwa masallaci, yana yi kamar jingina yake. Kowa a gidan ya sani, har matata. Babu wanda ya furta.

Na kai shi asibitin ido a birni, yana faɗa ina ja. Likita ya duba ya ce yanar ido ce ta rufe idanun biyu, irin wadda ake cirewa kullum. Na hagu aka yi masa aiki da safe, washegari aka buɗe, ya ga yatsun likita, ya ga fuskata. Kuɗin aikin bai kai na zakin robar da Abu Faisal ya sayar mini ba. Na dama kuwa, wanda da shi yake saiti tun yana saurayi, ƙarfen ya fasa shi. Likita ya ce da an kawo shi kafin wannan rauni, da duka biyun sun tashi.

Yanzu Yaya yana gani da ido ɗaya. Yana ganin hanya, yana ganin jikokinsa. Yana kuma ganin bindigar babanmu a kafaɗar wani in an wuce ta ƙofar gidanmu za a daji.

Wata rana da yamma, zan fita ajin karatun manya da nake zuwa, ya kira ni zaure. Ya miƙo mini wani abu a naɗe cikin sallayar nan ta Hajiya Sa'a.

"'Yan gidan Tanko sun kwance shi sun aiko. Sun ce wannan ba ya cikin gado."

Na warware. Yanzu ina iya haɗa baƙaƙen da ke jikinsa, na karanta a hankali. Na Jamus ɗin ne da gaske. Na juya shi ta kowane gefe. Bakin da ya shiga idon Yaya ko lanƙwasa bai yi ba, gilashin babu ko ƙwarzane. Na kai shi idona na dubi dutse, zaren nan biyu suna nan a miƙe, haske kamar ruwan rijiya. Am Salim bai yi mini ƙarya ba ko a kalma ɗaya.

Yaya ya juyo da idonsa na hagu ya dube ni.

"Kaya ne mai kyau, Sale," in ji shi. "Ka iya zaɓe."